Rumbu da Taswira: Sharhi a kan Binciken Juriyar Birane

Gabatarwa

A shekarun nan an yi ta rubuce-rubuce a jami'o'in duniya a kan wani fanni da a ke kira juriyar birane, watau nazarin yadda gari ke ɗaukar masifa irin ta ambaliya ko fari ko girgizar ƙasa, kāna ya miƙe bayanta. Nufin wannan takarda shi ne a duba inda binciken ya faro da inda ya sa gaba, a kuma auna shi da wani aiki da aka yi a Batagarawa, mil shida kudu da birnin Katsina, cikin 1967. Mai karatu zai ga kayan aikin masu bincike sun ƙaru ƙwarai da gaske, amma tambayar da aka yi a Batagarawa, wadda ita ce uwar tambayoyin fannin, ta suɓuce musu a hanya.

Kalmar ita kanta

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, resilience, asalinta daga Latin ne, ma'anarta kuwa abu ya yi tsalle ya koma yadda ya ke dā. Wani masani ɗan ƙasar Kanada, C. S. Holling, shi ya fito da ita sosai cikin 1973, yana magana a kan dazuzzuka da tafkuna da halittun cikinsu. Daga nan aka aro ta aka ɗora wa mutane da garuruwansu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin shirin da aka ƙulla a Hyogo ta ƙasar Japan a 2005, da wanda ya gaje shi a Sendai a 2015. Cikin 2013 kuma Gidauniyar Rockefeller ta soma shirin birane 100 masu juriya, har Ikko ta samu shiga.

Da kalmar ta iso ƙasar Hausa sai aka fassara ta da "juriya". A nan ne matsala ta farko ta ke. Juriya a bakin Bahaushe ita ce ɗaukar wahala ba tare da raki ba, 'yar'uwar dauriya ce da jimiri da haƙuri. Mace mai naƙuda a kan yaba mata juriya, haka yaron da aka yi wa kaciya. Babu maganar komawa yadda a ke dā a cikinta, wannan farfaɗowa ke nan. Babu kuma maganar shiri tun da wuri, wannan tanadi ne ko rigakafi. Saboda haka idan mai bincike ya tsaya ƙofar gidan da ruwa ya ci, ya tambayi maigida ko suna da juriya, amsar da zai samu ita ce "Alhamdu lillahi", domin kuka da ƙaddara a gaban baƙo abin kunya ne. Shi kuwa sai ya rubuta cewa mutanen sun miƙa wuya ga ƙaddara, ba su shirin kome, alhali ladabin magana kawai ya ji. Har wa yau, jami'in da ya yaba wa talakawa juriya ya sauke wa kansa nauyi, don mai juriya ba ya bukatar a gina masa magudanar ruwa.

Abin da aka gano a Batagarawa

Polly Hill, Baturiyar Ingila, masaniyar tattalin arziki, wadda ta riga ta yi suna da bincikenta a kan manoman koko na Gana, ta zauna Batagarawa cikin 1967. Littafin da ya fito daga wannan zama, Rural Hausa, an buga shi a 1972. A waccan shekara gero ya yi jinkirin nuna, hatsi ya yi tsada, gari ya shiga ƙunci. Sai ta sa waɗansu mutanen garin, waɗanda su ka san ko wane gida, su ka kasa magidanta manoma 171 kashi huɗu bisa ga yadda ƙuncin ya same su. Kashin farko su ne waɗanda abin bai taɓa ba, har suna ba waɗansu kyauta ko rance. Na biyu ba su wahala, na uku suna ɗan jin jiki, na huɗu kuwa suna cikin matsananciyar wahala. Kashin farko ya tashi kamar gida ɗaya cikin goma, na huɗu kusan ɗaya cikin huɗu.

Wannan ma'auni ne na juriya, an yi shi shekara shida kafin takardar Holling, kuma da idon 'yan gari aka yi shi. Darasinsa shi ne, ruwan sama ɗaya ya faɗi a kan Batagarawa, amma masifar ba ɗaya ba ce ga kowa. Mai rumbu cike ya kan ajiye hatsinsa sai ya yi daraja. Matalauci ya kan sayar da nasa da kaka, lokacin da ya ke da araha, don biyan haraji da bashi, sa'an nan ya dawo saye da tsada da damina. Sa'ad da gonarsa ke bukatar noma shi yana gonar wani yana ƙwadago don abin da za a ci yau, in ta matsa ya jinginar da gonar. Ta haka ƙuncin bana ke haifar da na baɗi. Hill ta kuma lura da cinikin hatsi da matan kulle ke yi a cikin gidaje ta hannun yara, kasuwar da baƙo mai ƙidayar rumfuna ba zai taɓa ganinta ba. Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne, babban ɓangaren littafin bayani ne na kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya, irin su gandu da gayauna da falle da adashi, domin ta gane cewa a cikin kalmomin ne dabarun zaman su ke.

Aikin yana da iyakarsa. Zama ne na 'yan watanni a gari guda, garin kuwa mazaunin hakimi ne kusa da birni, ba za a ce shi ne madubin ƙasar Hausa duka ba. Shekarar ma ta ƙunci ce, ba ta kai ta yunwa ba.

Bayan farin 1972 zuwa 1974

Babban farin nan ya jawo masana biyu da ya kamata a ambata. Michael Watts ya yi bincikensa a Kaita, cikin ƙasar Katsina, ya fitar da Silent Violence a 1983. Ra'ayinsa shi ne mulkin mallaka, da harajin kuɗi, da noman gyaɗa da auduga don sayarwa, su ne su ka raunana hanyoyin taimakon juna na dā, har ɗan fari kaɗan ya zama yunwa. Ya bi tarihin yunwace-yunwacen ta sunayen da jama'a su ka ba su, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942, da Muda ta wajen 1954. Sunan da talaka ya laƙaba wa yunwa shaida ne, don ya kan nuna ta ina hatsi ya zo, ko da wane ma'auni aka sayar da shi. Inda za a ja da Watts shi ne yadda ya ƙawata zamanin da ya gabaci Turawa. Tarihin Kano ya ambaci yunwar shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, tun babu Bature a ƙasar.

Michael Mortimore kuma, a cikin Adapting to Drought na 1989, ya bi mutanen ƙauyen Dagaceri, arewa maso gabas da Kano, shekara da shekaru, ya nuna dabarunsu na cin rani da sana'ar hannu da cin ganyen daji. Littafin ya wanke manomi daga zargin jahilci, sai dai mai karanta shi da gaggawa zai iya zaton dabara ta ishi talaka. Duk da bambancinsu, mutanen nan uku sun haɗu a kan abu guda, sun zauna, sun saurara, sun tambayi wane ne ya faɗi, don me kuma.

Inda binciken ya sa gaba

Yanzu akalar ta juya daga ƙauye zuwa birni, daga yunwa zuwa ambaliya, kuma da dalili. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta 2022 ta kashe fiye da 600. A Jibiya, cikin Yuli 2018, ruwan dare ɗaya ya halaka mutum fiye da 40. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Hanyar da aka fi bi a yau ita ce ta hoton tauraron ɗan Adam da kwamfuta. A kan zana taswirar gari, a shafa wa kwari ja, tudu kore, a ce ga inda haɗari ya ke. A kan haɗa da takardar tambayoyi da aka tsara da Ingilishi, ɗalibi ya fassara ta a tsaye a ƙofar gida. Har akwai wani reshe wanda aikinsa ƙidayar takardun da waɗansu su ka rubuta, ƙidayar kuwa ta kan nuna yawancinsu daga Sin da Amurka da Ingila su ke fitowa. Ba a raina taswira ba, don tana nuna hanyar ruwa fiye da yadda ido zai gani daga ƙasa. Amma ita unguwa ta ke aunawa a dunƙule. Gida biyu na iya zama cikin ja ɗaya, ɗaya na siminti, mai shi na da albashi da ɗan'uwa a kan tudu, ɗayan na ƙasa, mai shi ɗan haya ne, jarinsa duka yana cikin ɗakin. Ruwa zai shiga duka biyun, amma ɗaya ne zai tashi. Kashi huɗun nan na Batagarawa suna nan a ko wace unguwa, taswira ba ta ganinsu.

Abu na biyu da aka bari shi ne tarihin ginin garin. Heinrich Barth, da ya zo Katsina a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa ba a gine shi ba. Irin wannan fili shi ne abincin gari in an kewaye shi da yaƙi, shi ne kuma mashayar ruwan sama. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ma'ajin ruwan damina a biranen Hausa. Da aka yi ta cike su da shara a na gini a kai, ruwa ya rasa masauki, ya koma bin tituna da ɗakuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Batagarawa ita kanta ta zama abin nazari ta wannan fuska. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ke ta miƙewa kudu, ga manyan makarantu a kan hanyar Dutsin-ma, har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Gonakin karkara suna komawa fulotai, rumbu yana ba kasuwa da albashi wuri. Tambayar da ta cancanci a yi ita ce, jikokin waɗanda su ke kashi na huɗu a 1967, me su ke dogara da shi yau in ruwa ya yi gyara ko hatsi ya yi tsada?

Kammalawa

Aikin da ya rage ya shafi sashen Hausa kamar yadda ya shafi sashen labarin ƙasa. Ya kamata a tsara tambayoyin bincike da Hausa tun daga farko, a rarrabe juriya da tanadi da farfaɗowa, kada a cusa su cikin kalma guda. Malaman kwalejojin horon malamai kuwa suna da hanya mai sauƙi. Ko wane ɗalibi zai iya komawa garinsu da hutu, ya rubuto daga bakin tsofaffi sunayen shekarun yunwa da na ambaliya, da wuraren da kududdufai su ke kafin a cike su, da wanda a kan je wurinsa rance in abu ya ɓaci. In an tara wannan aka ɗora shi a kan taswirar kwamfuta, za a san inda ruwa zai bi, a kuma san wanda zai fara faɗuwa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, sai dai a tambaye shi da harshen da zai iya amsawa.