Ba Laifin Waya Ba Ne, 'Yar Uwa

Yau ƙorafina a kan wata gurguwar shawara ce da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Wai kada ki sa waya a caji sai ta mutu murus, wai a haka batir ke ƙarko. Ni ma na daɗe ina bin wannan magana, har wayar da nake karɓar saƙon masu sarin littattafaina ta koma ba ta kai azahar.

Wannan shawara ta batura ce irin na da, masu sinadarin nikel. Na wayoyin yanzu na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara kaiwa kasuwa a 1991. Shi kuwa ba ya son yunwa, ba ya son cin da ya wuce kima. In kina barin sa ya ƙare ƙaf kullum, kin gajiyar da shi. In ya daɗe a cike fal yana ɗaukar zafi, nan ma kin rage masa kwana. Tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari ya fi samun sararawa.

Tsufa kam dole ne. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta, bayan cikakken caji sau 500, kusan kashi 80 na ƙarfinsa zai rage masa. Amma mu muke gaggauta masa tsufan, kuma da zafi. Kamfanin ya yi gargaɗi cewa zafin da ya haura digiri 35 yana yi wa batir illar da ba ta gyaruwa. To mu da bazararmu ke wuce 40 fa? Duk da haka sai ki ga an jona waya an tura ta ƙarƙashin filo, ko an ajiye ta gefen murhu, ko ana caji ana kallon fim har ta yi zafi jau. Haba jama'a! Gobe kuma a ce mai shago ya yi ha'inci.

Na san za ki ce wuta ba kullum ake kawowa ba, dole in an samu a cika. Gaskiyarki, ban hana ki ba. Amma ki cire mata riga, ki ajiye ta a inuwa inda iska ke shiga, ta cika ki zare. Ki duba saitin batir, wayoyi da dama suna iya tsayar da caji a 80. Ki guji caja mai arha, araha ba ta ado.

In kuwa kin ga bayan wayar ya kumbura, kada ki danne, kada ki sake jonawa, kada ki ba yaro ya yi wasa da ita. Gobara ce a tafin hannu. Maza a kai wa mai gyara ya canja batir.

Allah Ya tsare mu da asara, amin.