Ƙyauren Da Ya Rabu Da Ganuwarsa

Daura da fadar Sarkin Kano akwai wani tsohon gida na ƙasa da yawancinmu muka fara shiga tun muna 'yan firamare, malami a gaba, mu a baya cikin layi. Shi ne Gidan Makama. Ana danganta gininsa da ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen harkar mulki, daga baya aka mai da wani sashe makaranta, wani kuma gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Idan muka karanta gidan kamar littafi, za mu ga ɗakunansa sun bi sawun Tarihin Kano: daga Dala da Barbushe zuwa sarakunan Haɓe, sai jihadi, sai basasar Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893, sai zuwan Turawa. Akwai makamai, da kayan kiɗa, da kayan sana'a, da tsofaffin hotuna, da ɗakin amarya da jerensa. Tsari ne mai sauƙin bi, ko yaro zai fita da wani abu a kansa. Ginin kansa ma, da zaurukansa da sanyin da kaurin bango ke riƙewa, ya isa darasi.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka adana a ciki. A da, ƙyaure yana da aiki: a rufe shi da dare, a buɗe da safe, Sarkin Ƙofa yana lura da mai shiga da mai fita. Yanzu ga shi a jingine, ba ya tsare kowa. An kyauta da aka ceto shi daga tsatsa da gara. To, ina ganuwar da ya fito daga jikinta?

Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, Rumfa ya faɗaɗa. Yau a wurare da dama ta zama tudu, an ɗebi ƙasarta, an kafa gidaje da shaguna a kanta, wani wurin kuma juji. Mu ɗin nan da ke ɗaukar hoto a gaban ƙyaure, mu ne ke wucewa ta gefen ragowar badala ba mu ko waiga ba.

A nan ne muke ganin gazawar irin wannan tsari na baje tarihi. Yana sa mai ziyara ya ɗauka labarin ya ƙare, an kulle shi a ɗaki. Alhali marinar Ƙofar Mata tana nan, Kasuwar Kurmi tana ci, magina masu sanin tubali da makuba ba su ƙare ba tukuna, sai dai suna raguwa. Da a ce kusa da kowane tsohon hoto akwai hoton wurin a yau, da ɗalibi ya gane asarar da idonsa. Da a ce ziyarar takan ƙare a bakin ganuwa, da malami bai sha wahalar bayani ba.

Mu je Gidan Makama, mu kai yaranmu. Idan mun fito, mu taka da ƙafa zuwa ƙofar gari mafi kusa, mu duba abin da ya rage mata.