Masu Tankaɗe Hannun Jari

Kafin a ce wa mai kuɗi "wannan hannun jari halal ne," wasu sun kwana kan takardun lissafin kamfanin: ina ribarsa take fitowa, nawa ne bashin ruwa a wuyansa, akwai giya ko caca a ciki? Aikin tankaɗe ne, kuma ba mai tafa musu. Ba don su ba, da dattijo mai gudun kuɗin ruwa ya rasa inda zai juya fanshonsa.

Cikin masu wannan aiki akwai Hajara Adeola, wadda ta kafa kamfanin Lotus Capital a 2004, lokacin da ake yi wa harkar zuba jarin halal kallon mafarki. Irin nacinsu ne ya share wa sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, fage: a 2017 gwamnatin tarayya ta tara naira biliyan 100 da shi don aikin hanyoyi 25.