Rawar Gona da Rawar Rumfa

Kwanan baya na halarci wani taro da aka yi domin tarbar baƙi a ɗaya daga garuruwanmu. An kafa rumfuna, an jera kujeru, manya sun zazzauna. Da aka gama jawabai sai mai sanarwa ya ce yanzu za a nuna wa baƙi rawar manoma ta gargajiya. Sai ga samari goma sha biyu sun fito cikin tufa iri ɗaya, kowa da garmarsa ta sassaƙen katako wadda aka shafa wa fenti. Aka saki kiɗa ta lasifika, suka yi tsalle, suka juya, suka durƙusa gaban manya, aka liƙa musu kuɗi. Kafin minti biyar an gama. Wani dattijo da ke kusa da ni, mutumin wani ƙauye na ƙasar Maiyama, ya duƙo ya ce mini, "Ɗana, waɗannan wace gona suka nome?" Na yi dariya, amma da na koma gida sai na ga tambayar tasa ta fi ƙarfin dariya.

Kada mai karatu ya zaci yaran na ke zargi. Jikinsu da laushi, ƙafarsu ba ta saɓa wa kiɗa ba ko sau ɗaya, sun kuwa yi abin da aka koya musu. Abin da aka koya musun shi ne abin dubawa. Ba kuwa za mu iya auna shi ba sai mun tuna inda rawar ta fito.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ya san gayya, ko ya ji labarinta wurin iyayensa. Idan damina ta kankama, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya gayyaci samarin gari, ya tanadi fura da tuwo da goro, ya kira mai gangar noma. Samari su jeru, kowa da kunyarsa. Makaɗi yana biye da su, yana kaɗa wa kowa takensa, yana ambaton ubansa da kakansa da irin damman da suka ɗaure. Wanda ya ji takensa sai tsikar jikinsa ta tashi, ya duƙa ya wuce na kusa da shi. In ya kai ƙarshen kunya ya miƙe, ya ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya taka rawa, sa'an nan ya juyo ya kama wata. To, ka ji asalin rawar manoma. Gumi ne ya haife ta, wanda kuwa bai kai ƙarshen kunya ba ba shi da bakin yin ta.

Haka abin ya ke ga sauran sana'o'i. Jega gari ne na kasuwa tun ƙarni na 19, lokacin da fataken goro masu zuwa Gwanja ke yada zango a cikinta. A irin wannan kasuwa kalangu na mahauta ne: shi ke sanar da mutane an yi yanka, shi ke zuga mai hawan ƙaho. Maharba da nasu kiɗan, suna rawa a sunkuye kamar mai sanɗar nama. 'Yan tauri da nasu. 'Yan mata kuwa ba su bukatar ganga, tafi ya ishe su yin gaɗa a dandali in farin wata ya fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. A ƙasar Hausa rawa 'yar sana'a ce, a gidan uwarta ta ke da ma'ana.

Da wannan ma'auni na ga aibu uku ga rawar da aka nuna mana. Na farko, kiɗan na'ura makaho ne. Makaɗin ƙwarai idonsa na kan ƙafar mai rawa. In ya ga ya ɗauki zafi ya ƙara masa, in ya ga ya gaji ya sassauta, in wani gwani ya shigo fage ya sauya take domin jama'a su san wanda ya zo. Ganga tana magana, mai rawa yana ba ta amsa. Na'ura kuwa abin da ta faɗa jiya shi za ta faɗa gobe, ko da sarkin noma ne ya shigo ko yaron da bai taɓa riƙe hauya ba.

Na biyu, an juya wa rawar fuska. A gona ko a dandali da'ira a ke yi, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima, tsohuwa ta yi guɗa, aboki ya shiga ya share wa abokinsa zufa. A rumfa kuwa an ja layi, masu rawa sun ba talakawa baya, sun fuskanci masu kujera. Da ma domin a burge tsara a ke yin ta, yanzu ta koma neman abin liƙi.

Na uku, shi ne ya fi ba ni takaici, rawar ba ta garinmu ba ce. Yawancin takun da na gani aro ne daga rawar Koroso, wadda masu wasa na Jihar Kano suka harhaɗa daga raye-rayen Hausa da na Filani a cikin shekarun 1970. Koroso abar sha'awa ce, waɗanda suka tsara ta sun yi aikin gwaninta. Amma in Jega ta yi Koroso, Aliero ta yi Koroso, Maiyama ta yi Koroso, to me baƙo ya gani na ƙasar Gwandu? Ya sha tafiya ne a banza, da ma ya tsaya Kano.

Na san abin da za a ce mini: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gaskiya ne gayya ta ja baya. Garmar shanu da tarakta sun rage aikin huɗa, maganin feshi ya rage noman ciyawa, mai gona ya gwammace ya biya 'yan ƙwadago da ya ciyar da gari. Samari kuma da rani suna fadama wajen albasa, ko sun tafi ci-rani. A biki ma mai na'ura ya fi makaɗi araha. Saboda haka, in ji masu wannan magana, in ba a kai rawa rumfa ba sai ta mutu, da babu gara ba daɗi.

Ban ƙi ta tasu ba, amma mu duba yadda waɗansu ƙasashe suka yi da irin wannan matsala ta same su. A Ingila, lokacin da raye-rayen ƙauye suka kusa ɓacewa, wani malamin kiɗa mai suna Cecil Sharp ya ga mutanen ƙauyen Headington suna rawar Morris a 1899. Daga baya ya koma wurin makaɗinsu, William Kimber, wanda magini ne, ya zama ɗalibinsa. Ya bi ƙauyuka yana rubuta rawar kowane da sunan garinta, har ya kafa ƙungiyar raya su a 1911. A Rasha kuwa Igor Moiseyev ya bi wata hanya a 1937: ya tara ƙwararrun 'yan rawa, ya goge raye-rayen ƙauye, ya shirya su domin babban ɗakin kallo. Irin wannan hanya Keita Fodeba na Gini ya bi da ƙungiyarsa Les Ballets Africains a shekarun 1950, Gana ma ta kafa tata ƙungiyar a 1962. Hanyoyin duka biyu suna da amfani, amma ta biyu ba ta tsayuwa sai bisa ta farko. Ba a jeme fata sai an sami fatar. Mu kuwa mun kama jima tun ba mu je wurin masu dabbar ba.

Ba ma sai mun ƙetare teku ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin tattali a 2016. Me ke jawo mutane can? Masunta ne na gaske, da homa da gora na gaske, cikin ruwan Matan Fada, kifin da a ke aunawa kuwa ba na katako ba ne. Ranar da aka ɗauko 'yan wasa su kwaikwayi su a kan tudu, ranar bikin zai mutu.

Saura maganar malamanmu, don ƙasarmu ƙasar malamai ce tun zamanin Malam Abdullahi na Gwandu. Sananne ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki cuɗanyar maza da mata wurin kiɗa da wasa. Ni kuwa abin da na lura shi ne, rawar garma ta maza ce, gaɗa ta 'yan mata ce, kowa da fagensa. A rumfa ne na ga an jera su biyu-biyu, namiji da mace, wai don a ƙawatar da baƙi. Ashe wanda ya mai da rawa ga asalinta ya rage abin da malamai ke ƙyama.

Shawarata ga masu shirya irin wannan taro ba mai tsada ba ce. A nemo makaɗi mai rai, a biya shi hakkinsa. A ba yara garmar maƙera su ji nauyinta, don nauyin nan shi ke gyara takun. A kira tsofaffin manoma su koyar, mai sanarwa kuma ya faɗi sunan rawa da ƙauyen da ta fito. Ga jami'a a Aliero tun 2006, ɗalibanta kowa da waya mai ɗaukar hoto da murya. Su shiga ƙauyuka su ɗauki taken kowane gida daga bakin gangar masu shi. Makaɗan da suka san waɗannan take sun manyanta, 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'a, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

In an yi haka, ko an kai rawar rumfa, dattijon nan na ƙasar Maiyama zai ji takensa ya miƙe tsaye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu san darajar abin da muka gada, amin.