Wa Ya Rushe Birnin Ur? Tambaya Daga Bakin Kanal a Kura

In ka taɓa tsayawa a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure bayan an yanke shinkafa, ka san abin da ido ke gani. Shanu sun shigo suna cin ragowar kara, suna bar wa gona taki, mai gona da makiyayi suna ciniki a gefe. Wata rana kuma shanun su faɗa cikin tumatir, magana ta kai gaban mai unguwa. Riƙe wannan hoton, don da shi za mu auna wani labari da ake yawan maimaitawa a littattafan tarihi da bidiyon intanet.

Labarin ya ce wajen shekara 2004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu makiyaya 'yan jeji da ake kira Amoriyawa suka kwararo daga yamma suka rushe daular Ur, a kudancin Iraƙi ta yau, ƙasar noman ban-ruwa tsakanin kogin Dijla da Furat. Yana da daɗin ji, amma fa yana da rauni.

Gaskiya ne akwai inda aka samo shi. Sarki Shu-Sin na Ur ya gina doguwar katanga a shekara ta huɗu ta mulkinsa, aka sa mata suna Muriq-Tidnim, wato mai nisantar da Tidnum, wani reshe na Amoriyawa. Akwai kuma tatsuniyar Sumeriyawa ta auren Martu, inda aka siffanta Ba'amore da cin ɗanyen nama da rashin gida. To amma ka tambayi kanka, wa ya rubuta? Marubutan birni ne. Amoriyawan wancan lokaci ba su bar mana nasu bayanin ba. Mun ji ɓangare ɗaya ke nan, kuma ko alƙalin ƙauye ba ya yanke hukunci a haka. Abin dariya ma, a ƙarshen tatsuniyar yarinyar birnin ta ce Martun za ta aura.

Rauni na biyu ya fi girma. Waɗanda suka ci Ur da yaƙi daga gabas suka zo, daga Elam, a Iran ta yau, kuma su suka tafi da sarki Ibbi-Sin a kame. Kafin nan ma daular ta fara zubewa daga ciki: garuruwa sun daina biyayya, hatsi ya yi tsada, wani babban jami'in sarki mai suna Ishbi-Erra ya ɓalle ya kafa mulkinsa a Isin. Wasiƙun sarakuna da ake kafa hujja da su a kan barazanar Amoriyawa kuwa, kwafin da ya iso mu ɗalibai ne suka rubuta a makarantu ƙarnoni bayan faɗuwar Ur. Masani Piotr Michalowski ya yi dogon nazari a kansu a 2011, ya nuna cewa bai kamata a ɗauke su kamar rahoton shaidar gani da ido ba.

Da ka koma ga takardun lissafi, sai hoton ya canza. Allunan yumɓu na Puzrish-Dagan, cibiyar tara dabbobi ta daular, sun nuna Amoriyawa suna kawo tumaki ana rubutawa. A Mari, bakin Furat a Siriya, inda André Parrot ya fara tono a 1933, an samo alluna sama da 20,000. Sun nuna sarki Zimri-Lim, shi kansa Ba'amore, yana mulkin mutanen da wani reshen danginsu ke noma a bakin kogi, wani yana kiwo a jeji. Hammurabi na Babila (1792 zuwa 1750) ma jinin Amoriyawa ne. A dokokinsa akwai tara a kan makiyayin da ya sa tumaki a gona ba tare da yarjejeniya da mai gona ba, akwai kuma diyya a kan manomin da ya yi sakaci da madatsarsa har ruwa ya cinye gonar maƙwabci. Ka ga doka ta san ɓarna na iya zuwa ta kowane ɓangare, ta kuma san yarjejeniyar kiwo a gona abu ne da aka saba.

Hittiyawa na Turkiyya ta yau su ma haka suka yi wa maƙwabtansu na arewa, Kaska: a addu'o'in sarakunansu sun raina su da cewa masu kiwon alade ne da saƙa. Kuma ka lura, wanda ya kawo ƙarshen gidan Hammurabi wajen 1595 shi ne Mursili na Ɗaya, sarkin Hittiyawa, mai fada da marubuta da rundunar yaƙi.

Kada kuma ka yi saurin musanya wannan labari da wani mai sauƙi irinsa. A 1958 Thorkild Jacobsen da Robert Adams sun ce gishirin da ban-ruwa ke tarawa a ƙasa ne ya raunana noman kudancin Iraƙi. Manomin Kadawa da ya ga farar kanwa a fuskar gonarsa zai gane maganar nan take. Sai dai a 1985 Marvin Powell ya ƙalubalanci yadda suka karanta alƙaluman, har yau ana muhawara.

Ba muna cewa babu rikici ba ne. An yi shi a Furat, ana yin sa a nan. Tun da ruwan Tiga ya fara ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam bayan kammala dam ɗin a 1974, filin da shanu ke samu da rani ya koma gona, dole a riƙa gogayya. Amma in an ce maka wata al'umma guda ce ta jawo lalacewar wuri, a Ur ne ko a bakin kanal ɗinmu, nemi sanin wa ya ba da labarin, sannan ka duba abin da takardun ciniki da na shari'a suka ce. A Ur dai, da aka duba, sai aka tarar abokan ciniki ne aka ɗora wa laifin rundunar da ta zo daga wata kusurwa dabam.