«Yarda» ko «amincewa»? Sharhi kan hukuncin Jidda na 1992

1. A zamanta na 1992 a Jidda, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta yanke cewa, in ba larura ba, ba a yi wa baligi mai hankali magani sai da izininsa, yaro kuwa sai da izinin waliyyinsa. Ta ƙara da cewa gwajin bincike bai halatta a kan yaro ba, ko da waliyyi ya yarda. Hukuncin ya yi kyau, amma a ganinmu ya bar giɓi: bai faɗi da waɗanne kalmomi ake neman izinin ba.

2. Shekara 4 bayan haka, giɓin ya bayyana a Kano. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya sa yara 200 cikin gwajin maganin Trovan, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce an nemi yardar iyaye da baki, cikin Hausa. Iyayen suka ce ba su san gwaji ba ne. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

3. Abin da Faransanci ke kira «consentement éclairé» akan fassara shi da «yarda». To amma «na yarda» a bakin uwar da ɗanta ke kwance sau da yawa ladabi ne, ko miƙa wuya. «Amincewa» ta fi nauyi, domin tushenta ɗaya da «amana», tana ɗora wa likita haƙƙi. Sai dai ita ma ba ta ƙunshi sani ba. Muddin aka ce «magani» inda ya kamata a ce «gwaji», izinin ya ɓaci, an shiga «cuta» da ma'anarta ta biyu, wato zalunci.

4. Mu ɗauki Lugu a ƙasar Arewa, garin Sarauniya, inda Azna ke zaune tare da Musulmi. Kalmar «waliyyi» ba kowa take ɗaurewa ba a can, amma kowa ya san amana. Saboda haka muna ba da shawarar «amincewa bisa sani», tare da sharaɗi guda: uwa ko uba su maimaita da bakinsu, cikin Arewanci, abin da za a yi wa ɗansu, kafin a ɗauki allura.