SHARHIN FIM: 'The Sentence': An ɗaure mace ɗaya, gida guda ya yi zaman kaso

Mai karatu, ka lura da yadda yawancin finafinan mu ke ƙarewa? 'Yan sanda su damƙe mai laifi, alƙali ya yanke hukunci, a rubuto "Alhamdulillahi", kowa ya watse. To, fim ɗin da na kawo maka a wannan watan daga nan ya fara. Sunan sa 'The Sentence', wato "Hukuncin". Ba ƙagaggen labari ba ne, abin da ya faru ne a Amurka, kuma fim ɗin ya fito a 2018.

Daraktan, Rudy Valdez, ƙanen matar da aka yi fim ɗin a kan ta ne, Cindy Shank. A da can ta zauna da wani saurayi dillalin ƙwaya a jihar Mishigan. Aka bindige shi a 2002. Ta canza rayuwa, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata uku. Kwatsam sai hukuma ta tono tsohon zance, aka tuhume ta da haɗin baki, a 2008 aka ɗaure ta shekara 15. Lokacin autar ta na jaririya.

Za ka ce, don me har shekara 15 ga wadda ba ta taɓa lafiyar kowa ba? Wata dokar Amurka ta 1986 ce ta ƙayyade mafi ƙarancin ɗaurin da alƙali zai yi a laifin ƙwaya, kuma nauyin kayan ake dubawa. A 1988 aka faɗaɗa ta, ta haɗa har da masu haɗin baki. Ke nan budurwar da ta san abin da ake yi a gidan za ta iya ɗaukar nauyin kayan saurayin ta.

Ƙarfin fim ɗin shi ne bai cika surutu ba. Valdez ya soma ɗaukar hotunan ne don kawai yayar sa ta ga abin da ya wuce ta, shi ya sa kyamarar ke rawa a hannu kamar bidiyon biki. Amma fa nan daɗin ya ke. Uwar ta zama murya a wayar tarho, yaran sun kewaye wayar su na rige-rigen ba ta labari kafin lokaci ya ƙare. A gaban idon ka su ke girma. A gaban idon ka auren ya mutu. Wallahi babu jarumar da za ta iya kwaikwayon fuskar babbar 'yar.

Sai dai akwai gyara. Na farko, jini ya fi ruwa kauri: daraktan bai matsa wa yayar sa da tambayoyi masu zafi ba, kuma ba mu ga waɗanda ƙwayar ta lalata wa rayuwa ba. Su ma 'ya'yan wasu ne. Da an nuno su, da hujjar fim ɗin ta ƙara ƙarfi, domin ba cewa ake kada a hukunta ba, cewa ake a auna.

Na biyu, ƙarshen ya yi zaƙi da yawa. A Nuwamba 2016 Shugaba Obama ya yi mata sassauci, ta koma gida, kowa na kukan murna. Ɗan kallo zai tashi da zaton gaskiya ta yi halin ta. Ina! Fursunoni sama da 30,000 ne su ka roƙi Obama, mutum 1,715 ya rage wa ɗauri. Ko da Trump ya sa hannu a wata dokar sassauci a 2018, kuma Biden ya rage wa kusan mutum 2,500 a Janairu 2025, ba a soke tsarin mafi ƙarancin ɗaurin ba. Afuwa rabo ce, ta na ga alƙalamin mutum ɗaya. Gyaran doka shi ne ke kai wa ga wanda ba shi da ƙane mai kyamara.

Duk da haka, fim ɗin ya cancanci kyautar Emmy da ya ci a 2019. Marubutan mu da daraktoci, ku neme shi ku kalla. Ke kuma 'yar'uwa mai saurin hawaye, ki tanadi hankici.